Ƙulli Uku na Shuɗin Zare

SHAFI NA 27

Masu turo min "ina ci gaba, ina ci gaba" tun da sassafe, na gani, ba makauniya ba ce ni. Sau uku ina fara wannan shafin ina ajiyewa. Ke kuma da kika rubuta cewa Yaya mutumin kirki ne, ni ce mai baƙin hali, matso kusa ki karanta da kyau.

*

Rigar tana kan teburin yanka, na juya ta bai-bai, na kasa ɗauke idona daga kalmasar ƙasa.

Ta wata malama ce mai koyarwa ta kwamfuta daga ɗakinta. Ta dawo da ita ne a rage mata hannu kawai, har da ɗan rubutu a ciki. Wai a gaishe mata da mai shuɗin zare, tun da take ba ta taɓa sa kaya mai daɗin zama irin wannan ba.

Mu haka muke aikinmu. Kayan zaman gida muke ɗinkawa, riga da wando masu laushi na masu aiki daga gida. Auduga zalla, rinin ganye da ɓawon itace, ko guntun yadi ba ma zubarwa. Teloli takwas gare ni, duk mata, kowacce da launin zarenta. In ta gama kaya sai ta yi ƙulli uku a cikin kalmasa, mai saye ya juya ya san wadda ta ɗinka masa. Da wannan nake cika baki a shafina na talla a intanet kullum. Fanka a kan kowa, ƙofa a buɗe, ƙarfe huɗu an tashi.

Shuɗi na Gwaggo ne.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni da Yaya bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta fara ɗora ƙafata a kan keken ɗinki. Yau wata huɗu ke nan hannunta na dama ko cokali ba ya ɗagawa. Shanyewar ɓarin jiki. A gabana likita ya faɗa, ba zafi, ba wahala, ba tashin hankali, don in abin ya sake bugunta karo na biyu ba lalle ta tashi ba.

Launin wannan rigar kuwa watan jiya muka fara rina shi.

Na kai rigar bakin taga. Ƙullin nata ne, ko a mafarki na san shi, amma ya karkata hagu. Sannan bakin zaren ba almakashi ya yanke shi ba. A tattaune yake, da haƙori aka gutsure shi.

Gwaggo? Matar da ke doke min baki in ta ga na kai zare haƙori?

Na lalubo waya na kira 'yarta.

"Ƙanwata, ba ni Gwaggo."

"Gwaggo kuma? Anti, ba tana wajenku ba?"

"Wajen wa?"

"Wajen aiki mana. Ƙarfe bakwai motar Yaya ke ɗaukar ta, sai yamma lis a dawo da ita. Sati shida ke nan."



"Sati shida? Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"To ai ya ce ke kika ce. Ya ce kunya kike ji ki yi maganar da bakinki, kar kowa ya tayar miki da ita. Shi ya sa in za ki zo gaishe ta take ce miki ki bari sai ranar hutu. Anti, wallahi na ji haushinki, na dai yi shiru ne. Jiya da ta dawo ko ruwa ba ta iya haɗiya ba, kanta ke sarawa. Na ce yau ta zauna, ta ce kayanki ba za su makara saboda ita ba."

"Ina ake kai ta?"

"Kina nufin ba ki..."

"Ina ake kai ta na ce!"

"Bayan tashar manyan motoci, layin sito-siton nan. Na ƙarshe, mai jar ƙofa. Sau ɗaya na kai mata maganinta, mai gadi ya karɓa, bai bar ni na shiga ba."

Ban san lokacin da na fito ba. Mayafina ma a hannu na riƙo shi har mota.

Rana ta take sosai, sitiyari na ƙona min tafin hannu. Ina tuƙi ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi-rabi, ba wadda na kai ƙarshenta. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Abu ɗaya ke yi min yawo a kai, kar in tarar da ita a kwance.

Siton yana ƙarshen layi. Rufin kwano, bangon bulo, taga ɗaya can sama an toshe ta da kwali. Janareta na ruri a gefe. A ƙarƙashin rurinsa na jiyo abin da kunnena ba zai taɓa ɓacewa ba, ƙarar kekunan ɗinki, da yawa, ba takwas ba, ba goma ba.

Ƙofar ƙarfe ce. Da kwaɗo a jikinta, ƙato, ta waje.

Wani dattijo ya taso daga kan benci.

"Ranki ya daɗe, wa kike nema?"

"Buɗe."

"Ai ba ni da makulli."

"Mai gadi ne kai ko mai kallon hanya? Buɗe na ce!"

"Wallahi yana hannun maigida. Da safe ya kulle, ƙarfe shida ya buɗe. Ni nawa in zauna."

"Da mutane a ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

"In wuta ta tashi fa?"

"Allah dai ya kiyaye, ranki ya daɗe."

A gefen bencinsa akwai wani bokiti, cike da wayoyi, kowacce an ɗaure ta da ƙyalle. Ƙyallen yadina ne. Na ga ƙaramar wayar Gwaggo a sama, mai fasasshen baya.

Na buga ƙofar da hannu biyu.

"Gwaggo! Gwaggo!"

Janareta ya cinye muryata. Na kira Yaya. Shi ne mai kula min da sayen yadi da kai kaya tun da odar ta fi ƙarfina, ni ina can ina hotuna da amsa saƙonni.

"Auta, ya aka yi?"

"Ina bakin jar ƙofa."

Ban jira amsarsa ba.

"Yaya, in ba ka zo ba cikin minti goma, zan kunna bidiyo a nan inda nake tsaye, duniya ta gani."

"Kar ki motsa."

Bai kai minti goman ba. Ya fito daga mota da murmushi, har da gyara hula, kamar wanda ya zo taro.

"Haba Auta. Wa ya kai ki nan cikin ranar nan? Zo mu zauna a mota mu yi magana."

"Gwaggo tana ciki?"

"Mu yi magana tukuna."

"Tana ciki ko ba ta ciki?"

"Tana ciki. Lafiyarta lau, a zaune take, ba abin da take ɗagawa."

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Tare muka tsaya gaban likita!"

Murmushin ya tafi.

"Ni zan ji tsoron Allah? To bari in tambaye ki. Wa ya hau shafinsa ya ce kowa ya yi oda, ba iyaka, sati biyu kaya na hannunsa?"

"Ni ce, amma..."

"Kaya ɗari tara, Auta. Mata takwas, masu tashi ƙarfe huɗu. Aljanu kika zaci suna ɗinka miki sauran?"

"Ka ce min ka samo wasu teloli a gidajensu!"

"Kika ce in kai ki ki gan su?"

Na kawar da kai.

"Kika tambayi launin zarensu?"

Ya matso kusa da ni.

"Wata huɗu Gwaggo na jinya. Kin cire shuɗi daga shafinki?"

"Na zaci tsofaffin kaya ne ake..."

"Kin zaci! Kullum hoton Gwaggo na sama, tana dariya a kan keke. Kowace kwastoma shuɗi take so, mai shuɗi, mai shuɗi. Kina gani kina danna musu alamar zuciya. Ke kika ci daɗin sunan, ni na ɗauki dattin. Yanzu ki zo kina ɗaga min murya a gaban mai gadi?"

Maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta, kuma na tsane shi saboda gaskiyar. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

"Na ji. Ni ce babbar mai laifi. Buɗe in fitar da ita."

"Motar kaya na zuwa ƙarfe biyar. Saura riga tamanin ba ƙulli."

"Ko saura ɗaya ce! Buɗe!"

Ya kalle ni. Sannan ya zaro makulli daga aljihu.

"Shiga ki gani da idonki, hankalinki ya kwanta."

Zafin ne ya fara dukana a fuska, kamar na buɗe murfin tukunya. Warin man keke, warin gumi, tururin guga. Fanka ɗaya ce a can ƙarshe, ita ma da ƙyar take juyawa. Mata sun fi talatin, keke na jikin keke, ba inda za ka sa ƙafa sai kan guntayen yadi. Bokitin ruwa ɗaya a tsakiya, da kofi ɗaya. Bayan wani labule kuma wari ya gaya min abin da ke wurin.

Kayana ne a hannunsu. Masu laushin nan, waɗanda nake rubuta wa "saka ki huta".

Ɗaya bayan ɗaya kekunan suka tsaya.

"Ita ce," wata ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Mai hoton."

Na hango Gwaggo a lungu, kusa da teburin guga, a kan kujerar roba. Hannun dama yana kwance a cinyarta. Ta danne riga da gwiwa, allura a hannun hagu, zaren a bakinta. Ta ja, ta ƙulla, ta gutsure da haƙori. Leɓenta na ƙasa duk ya tsattsage, shuɗin zaren ya rine shi.

"Gwaggo."

Ta ɗago. Wallahi murmushi ta yi.

"Auta? Yau ke ce da kanki? Kin ganni nan, na kusa. Kar ki damu."

Na durƙusa a gabanta na riƙe hannun.

"Gwaggo, me kike yi a nan? Wa ya ce ki zo?"

"Yayanki ya ce kina cikin matsi, kin rasa yadda za ki yi."

"Ƙarya yake! Ban sani ba! Wallahi ban sani ba!"

Ta kalle ni, ta kalli bakin ƙofa inda yake tsaye.

"Au," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

"To ko na sani, Gwaggo, sai ki yarda? Kowa ma ai zai iya ƙulla shuɗin zare!"

"A'a." Ta girgiza kai. "Da farko haka ya so, ya ba yaran nan zarena su riƙa ƙullawa. Na ce ban yarda ba. Kin gaya wa mutane duk mai shuɗi hannuna ya taɓa ta. To dole hannuna ya taɓa ta. Ko ɗinkin ba nawa ba ne, ƙullin dai nawa ne. Ba za a ce 'yata maƙaryaciya ba ce ina raye."

Kuka ya ƙwace min. A gaban mata talatin, na kifa kaina a gwiwarta ina kuka. Jikinta zafi rau.

"Tashi mu tafi."

"Saura tamanin."

"Su ƙone! Tashi!"

Wata doguwar mata da ke riƙe da dutsen guga ta ajiye shi.

"Ki tafi da ita, baiwar Allah. Tun safe take cewa idonta na ganin biyu-biyu. Mun buga ƙofa har mun gaji."

"Mu kuma fa?" wata ta ce daga baya. "Mu ba mutane ba ne?"

Na miƙe, na share fuska, na ciro wayata.

"Kowa zai fita. Yau ɗin nan. Kuma sai na nuna wa duk wanda ya taɓa sayen kayana inda aka ɗinka shi, da bakina, ko da shi ne ƙarshen sana'ata."

Na ɗaga wayar na fara ɗauka. Fankar, bokitin, tagar da aka toshe.

Ban ji tahowarsa ba. Sai dai na ji an murɗe min hannu, wayar ta bar tafina.

"Yaya!"

"Kin haukace ne? Shekara biyar muna gina abu, ki rusa shi da yatsa ɗaya?"

"Ba ni wayata!"

"In motar ta ɗauki kaya, kin huce, sai mu zauna kamar masu hankali."

Yana magana yana ja da baya. Sai da ya kai bakin ƙofa na gane abin da zai yi. Na yi tsalle, ƙafata ta harɗe da wayar wutar wani keke, na faɗi a kan gwiwa.

"Yaya kar ka yi! Gwaggo ba ta da lafiya! Yaya!"

"A zaune take, ba abin da zai same ta. Ku kuma ku koma bakin aiki."

Ƙofar ta rufu. Na ji kwaɗon ya ce ƙaras.

Na rarrafa na kai jikin ƙarfen, ina duka da hannu, da takalmi. Na ji tashin motarsa. Na ji ta yi nisa.

"Baba mai gadi! Baba! Kana ji na?"

Muryarsa ta zo ta ƙasan ƙofa, a tsorace.

"Ina ji, ranki ya daɗe."

"Wayoyin da ke bokiti, turo min ɗaya ta ƙasa!"

"Ya sa bokitin a mota."

"Taka fa?"

"Tawa sai an kira ni, ba kati."

"To fasa kwaɗon! Nemo dutse, nemo ƙarfe!"

"Wannan kwaɗon ba na dutse ba ne. Sai mai walda, shi kuma sai an kai bakin tasha."

"Ka ruga! Don girman Allah ka ruga!"

"Da wannan ƙafar tawa? To, bari in gwada."

Na ji takunsa, a hankali, yana jan ƙafa ɗaya. Ni da na zo a mota na san nisan tashar.

"Baiwar Allah!" Mai guga ce ta ƙwala min kira. "Zo! Zo da sauri!"

Na juya.

Allurar ta faɗi daga hannun Gwaggo, tana lilo a jikin zaren. Kanta ya kwanta gefe. Bakinta yana karkacewa a hankali, a kan idona, yawu na bin haɓarta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gwaggo! Kalle ni! Gwaggo!"

Muka sauke ta ƙasa a kan tarin riguna. Wata ta kawo ruwa, wata ta cire ɗankwalinta tana yi mata fifita. Matan suka kewaye mu, masu salati na yi, masu kuka na yi.

"Ku matsa ta sha iska! Ku fasa tagar can!"

Wata ta hau tebur ta fizge kwalin. Bayansa sandunan ƙarfe ne, ko kan jariri ba zai wuce ba.

Gwaggo ta damƙe yatsana da hannun hagu. Leɓenta na motsi. Na kai kunnena.

"Sau... saura..."

"Ba saura komai, Gwaggo. An gama. Wallahi an gama duka. Ki yi numfashi kawai."

Idonta ɗaya na kallona, ɗayan ya tafi wani wuri. Ban san abin da ake yi wa mai wannan ciwon ba, ni ɗinki na sani. Abin da na riƙe kawai shi ne likita ya ce a irin wannan, kowane minti ɗaya da aka ɓata wani abu ne ke mutuwa a kanta.

Mai guga ta durƙusa kusa da ni, ta juya Gwaggo a kan gefenta, ta saka mata riga a ƙarƙashin kai, ta sassauta mata wuya. Hannunta ko rawa ba ya yi.

"Kin iya ne?" na tambaye ta. "Kin yi aikin asibiti?"

"A'a. Haka muka yi mata wancan karon."

Na ɗago.

"Wane karon?"

"Na farko mana. Wata huɗu da suka wuce, da ya kawo ta ta koya mana irin ɗinkinku."

"A gida ta faɗi. A banɗaki. Yaya ne ya tsince ta."

Matar ta kalle ni, ta kalli sauran. Ba wadda ta yarda muka haɗa ido.

"A nan ta faɗi, baiwar Allah. Daidai inda kike durƙushe. Tun wajen sha ɗaya na safe. Da farko hannun yana motsi, tana ma yi mana magana. Muka yi ta dukan ƙofa."

"Sai aka buɗe?"

"Aka buɗe."

"Yaushe?"

"Ƙarfe shida."

Riƙon da Gwaggo ta yi wa yatsana ya fara sassautawa. Na ɗaga kai na nemi agogon da ke rataye saman teburin guga.

Ƙarfe ɗaya da minti goma.